Waƙar da Fasinja Suka Yi wa Shiru

In ka tambayi tsofaffin direbobin hayis na layin Unguwa Uku zuwa Bata wane ne Tanko, sai sun yi dariya kafin su ba ka amsa. Wasu su ce maka Tanko Alƙali, wasu su ce Tanko Rediyo, duk dai mutum ɗaya ne. Gajere ne kakkaura, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma Allah ya hore masa baki. Daga wani ƙauye na ƙasar Gaya ya shigo Kano yana saurayi, ya fara da kwandasta, ya koyi tuƙi, ya kama ɗakin haya a wani lungu na Gyadi-Gyadi, a nan ya yi aure, a nan furfura ta same shi. Sunansa na yanka Sulaiman, amma ba mai kiransa da shi. Sai da mahaifiyarsa ta jera 'ya'ya mata kafin ta samu namiji, shi ya sa aka sa masa Tanko, kuma ta shagwaɓa shi yadda ya kamata. Har ya yi gemu, in ya je gida a gefen tabarmarta yake cin tuwo, tana yi masa fifita tana kiran sunansa.

Tuƙi sana'arsa ce, amma waƙa ita ce ciwonsa. A motarsa komai na iya lalacewa a yi haƙuri da shi, ƙofa ta ƙi rufuwa, kujera ta yage, gilashi ya ƙi hawa, amma ranar da rikoda ta cinye kaset, ranar ba lodi sai an je wajen mai gyara. Yana da wata aƙida da ba ya gajiya da faɗa wa duk wanda ya zauna gidan gaba: ba a gidan rediyo ake sanin waƙa ba, ba kuma a mujalla ba, a cikin hayis ake saninta. A nan ne ma'aikacin sakatariya da lebura da mai tallar yalo da ɗalibar makarantar koyon jinya suke matse a kujera ɗaya, ba wanda ya zo don ya faranta wa mawaƙi rai.

Shi kuwa yana da madubi, kuma ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yana tuƙi yana leƙen mutane. In ƙafa ta fara buga ƙasan mota, waƙa ta shiga. In leɓen 'yan mata ya fara motsi a amshi na biyu, ta zauna. In wani ya wuce inda zai sauka saboda yana jiran baiti ya ƙare, wannan kaset sai an yi layi a kansa. Har in wani dattijo ya daka tsawa ya ce a kashe masa wannan shirme, daɗi Tanko yake ji, don a cewarsa ba a yi wa mataccen abu tsawa. Abin haushin shi ne yawanci yakan yi daidai, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Lawan kuwa tela ne a Unguwar Gano, siriri, mai ƙarancin magana, ɗan ƙasar Kibiya. Wata rana Tanko ya kai masa wando a ƙara masa faɗin ƙugu, ya tarar da shi yana taka keke yana rera wani abu a hankali, kan fasinjan da ya ga wata yarinya a mota ya kasa yi mata magana har ta sauka. Tanko ya manta da wando. Ya tambaye shi waƙar wa ce, Lawan ya ce ba ta kowa ba ce, shi yake haɗa abinsa don kada barci ya ɗauke shi a kan ɗinki. Daga ranar Tanko ya hana shi sakat, sai da ya tasa shi a gaba har wani situdiyo a titin Gidan Zu, inda wani mai fiyano ya ɗora masa kiɗa. Haka kaset ɗin farko na Lawan Ɗan Gano ya fito, mai suna Akwai Mai Sauka.

Tun daga wannan kaset suka kafa al'adarsu. Kafin a kai komai kasuwa, Lawan zai kwafo wa Tanko, Tanko ya yi kwanaki yana sawa a mota yana kallon madubi, sannan su haɗu da hantsi a teburin Garba mai shayi da ke bakin titi a Gyadi-Gyadi a yanke hukunci. Tanko zai kurɓi shayi, ya ce wannan a sa ta farko, wannan a rage mata baiti, wannan kuma a binne ta tun kafin ta yi wari. Lawan sai dai ya gyaɗa kai.

Akwai Mai Sauka ya yi kasuwa fiye da yadda su biyun suka zata. A shagunan aski na Tarauni, a gidajen biki na Daurawa, a bakin masu wankin mota, ko'ina shi ne. Wani marubuci a wata mujallar fina-finai ya ce muryar Lawan ba ta da kauri, kuma kalmominsa na 'yan tasha ne. Tanko ya sa aka karanta masa, ya ce a gaya wa marubucin 'yan tasha sun gode, su ne dai masu sayen kaset. Wani malami a unguwa ya yi wa'azi a kan kiɗan fiyano har ya ambaci waƙar, washegari masu kaset suka ce kaya ya ƙare. Da kaset na biyu ya fito, Fitila Ja, sai teburin Garba ya rabu gida biyu. Matasa suka ce wannan ya fi, kiɗan ya fi zafi. Manya suka ce Lawan ya fara bin yara, na farkon ya fi ma'ana. Aka yi ta musu har shayi ya huce, kuma duk wanda ya rasa hujja sai ya ce a jira Tanko ya dawo daga Bata. Wannan girmamawa ce ta kumbura masa kai, har ya soma ganin ko Lawan ɗin ma bai kai shi sanin waƙoƙin Lawan ba.

Sai shekarar da sojoji suka koma bariki. Gari ya cika da fastoci, kowane bango da fuskar wani, kowane lungu da ofishin jam'iyya. Mutanen da jiya tare ake rububin hayis da su suka wayi gari kansiloli da ciyamomi, kuma kowannensu yana son a waƙe shi. Aka yi ta aike wajen Lawan, yana cewa shi ba maroƙi ba ne, yana da aikin da yake yi. Da aikin, wato kaset na uku, ya kammala ya kawo wa Tanko a tasha. Bai kalle shi ba lokacin da yake miƙa masa, ya dai ce, "Ta farkon nan, ka duba mini ita da kyau." Bai taɓa faɗin haka a kan wata waƙa ba, amma Tanko yana rigima da ɗan kamasho, bai kula ba.

Waƙar ba irin wadda aka saba ji daga Lawan ba ce. Kiɗan a kwance yake, ba ganga mai tashi, ba muryar mace mai amshi. Labarin ɗan fari ce, wanda uwarsa ba ta kiran sunansa saboda alkunya, ba ta kallonsa a gaban mutane, in ya yi ciwo sai ta aiki ƙanwarsa ta dubo shi, in ya dawo daga tafiya sai ta tashi ta shige ɗaki. Amshin yana cewa:

Ta ce wancan, ta ce kai yaro,
Ta ce ku kira mini yayanku,
Sunana yana bakin kowa,
A bakinki nake jiran in ji shi.

Tanko ya sa ta da safe, mota cike, daga Unguwa Uku. Ya duba madubi, ba ƙafar da ta motsa. Hirar da ake yi a baya ta mutu. Matan da ke kujerar tsakiya suka juya fuska wajen taga, wata ta ja mayafi har kan hancinta. Maza suka sunkuyar da kai, wani ya ciro carbi. Ya sa ta da rana, haka. Ya sa ta washegari, haka. Ba wanda ya ce direba wa ya yi wannan, ba wanda ya ce a maimaita, ko dattijon da zai yi tsawa ba a samu ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, har sau da dama wata mace za ta ce akwai tun ba a kai inda ta ce za ta ba, ta sauka ta tsaya a bakin titi. A duk tsawon tuƙinsa bai taɓa ganin waƙar da ke korar fasinja daga mota ba.

Mutum ɗaya ne ya yi magana, Malam Ishaku, wani malamin firamare ɗan kudancin Kaduna da ke zaune a Tarauni, wanda kullum gidan gaba yake shiga. Da waƙar ta ƙare ya cire tabarau ya goge ido, ya ce, "Malam Tanko, wannan ita ce waƙar da mutumin nan ya taɓa yi. Sauran duk wasa ne." Tanko ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ɗan mawaƙan coci ne, duk abin da aka ja shi a hankali daɗi yake maka. Dubi bayanka ka gani, kamar gawa na ɗauko." Malam Ishaku ya waiwaya, ya ce shi bai ga alamar ƙi a fuskar kowa ba. Tanko ya ce ai shi ya sa yake koyar da yara, shi kuma yake riƙe da madubi.

Ranar hukunci, a teburin Garba, Tanko bai tauna maganarsa ba. Da ma ya ja Lawan gefe, da da sauƙi, amma a gaban jama'a ya yi, don ya saba da 'yan kallo. Ya ajiye kaset a kan tebur ya ce, "Lawan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wannan ta farkon ba waƙa ba ce, zaman makoki ne. Mata har sauka suke yi. Wa ya gaya maka mutane suna son a tuna musu abin cikin gida? Gari yana murna soja ya tafi, kai kana kuka uwarka ba ta kira ka ba. Ƙato da kai!" Aka yi dariya, Garba ma ya yi. Lawan ya yi murmushi, ya tambaya sau ɗaya, "Ko mutum ɗaya bai so ta ba?" Tanko ya tuna da Malam Ishaku, ya ga ba shi ne kasuwa ba, ya ce, "Ko ɗaya." Lawan ya ɗauki kaset ya sa a aljihu, ya shanye shayinsa, ya yi sallama.

Kaset na uku bai fito ba. Bayan 'yan makonni aka ji muryar Lawan a lasifikar wata motar kamfen, yana wasa wani ɗan takara. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma tela mai iyali ba zai ci suna ba. Daga wannan sai wancan, daga kansila sai ciyaman, yau ya yabi mutum gobe ya zage shi in jam'iyya ta rabu. Masoyansa na da suka juya masa baya. A teburin Garba aka daina musu a kan wane kaset ya fi, aka koma cewa Lawan ya zama ɗan a bi yarima a sha kiɗa. Mujallar nan da ta taɓa kushe muryarsa ta rubuta cewa an yi asarar mawaƙi. Tanko ya fi kowa zafi, yana cewa shi ya ɗauko yaron nan daga kan keken ɗinki, ga sakayyar da ya yi masa. Waƙar siyasa ba ta bukatar a gwada ta a mota, wanda aka yi wa shi ne alƙali, don haka Lawan bai sake kawo masa komai ba. Ba su yi faɗa ba. Gaisuwa ce dai ta yi ta gajarta har ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Shekaru suka wuce, aka yi wani zaɓen, babura masu ƙafa uku suka fara cin kasuwar hayis. Wata rana da azahar Tanko ya sauke fasinja a kusa da kasuwar Tarauni, ya ga wata tsohuwa ba ta sauka ba. Ya san fuskarta, Kulu ce mai sayar da kuka da daddawa, ta daɗe tana shiga motarsa. Sai da ta ga ba kowa sannan ta matso bayan kujerarsa.

"Ɗan nan, tambaya zan yi maka."

"Allah ya sa na sani, Inna."

"Akwai wata waƙa da ka taɓa sawa, an daɗe, shekarar da aka fara siyasar nan. Ta yaron da ba a kiran sunansa. Na aika jikokina duk masu kaset na garin nan, sun ce ba su san ta ba. A ina ake samunta?"

Tanko ya juyo gaba ɗaya. Ya ce, "Inna, wannan ai ba ta fito ba. Mutane ba su so ta ba."

"Su wa?" Ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Ranar da ka sa ta ina cikin motar nan. Asibiti za ni dubiya, a shataletalen Dangi na sauka, don na ji in na ƙara zama zan ba da kaina. Na tsaya a bakin titi na yi kukana na share, sannan na ƙarasa da ƙafa. Da na ba matan gidanmu labari, wata ta ce ita ma ta ji ta a motarka, kwana ta yi tana juyi."

"To Inna, me ya hana ku magana? Ko mutum ɗaya ya ce a maimaita?"

"Haba ɗan nan, kai ba Bahaushe ba ne? In ce me? A cikin mota, a gaban maza, in buɗe baki in ce waƙar ɗan fari ta taɓa ni? Ai sai a ce tsohuwar nan ba ta da ta ido." Ta gyara ƙullin kayanta. "Babban nawa ne Allah ya yi wa rasuwa, watan jiya. Babur ne ya kaɗe shi. Har aka fita da shi ban taɓa kiransa ba. Na ce ko zan samu waƙar in riƙa ji a ɗaki ni kaɗai."

Tanko ya yi mata ta'aziyya, ya ce zai nemo mata, ta sauka. Ya daɗe a zaune bai tayar da mota ba. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da haushin kansa. Ya tuna mazan da suka sunkuyar da kai, sai yanzu ya tambayi kansa nawa ne 'ya'yan fari a cikinsu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wani baƙon abu ba ne ya ɓace masa. A ɗakinsa ma, mai ɗakinsa ba ta taɓa kiran babban ɗansu da sunansa ba, kullum yana ji tana cewa wannan yaron, bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar yaron ba. Shi da aka rena a cinya ana kiran sunansa safe da yamma, ina zai san wannan ƙishirwa?

Washegari bai yi lodi ba. Ya bi sawun Lawan daga situdiyo zuwa gida, daga gida zuwa wani ofishin jam'iyya a Tarauni, ya same shi a kan benci a waje tare da maroƙa da 'yan jagaliya, ana jiran ciyaman ya ba da izinin shiga. Lawan ya yi ƙiba, ya sha babbar riga, amma idonsa ya faɗa. Suka gaisa kamar surukai. Tanko ya zauna, ya kwashe labarin Kulu ya faɗa masa, bai rage komai ba, har da maganar Malam Ishaku da ya danne a wancan lokaci. Lawan yana ji yana murza hularsa a gwiwa.

"Kaset ɗin yana nan?" in ji Tanko.

"A kansa aka ɗauki waƙar wani ɗan takarar kansila. Bai ma ci ba."

"Na situdiyo fa?"

"Ni na ce su goge."

"To ka sake rerawa mana. Ni zan sa ta a mota, wallahi ko duk fasinja za su sauka."

Lawan ya buɗe baki a hankali ya ja amshin, muryar tana nan, ya kai ƙarshensa ya tsaya. Ya sake ja, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya girgiza kai ya ce, "Baitocin sun tafi, Tanko. Ko sun dawo ma, wa zan yi wa? Innata ta rasu bara da damina."

Tanko bai ji rasuwar ba, ba wanda ya gaya masa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna masa inda abotarsu ta kai. Ya fara salati, Lawan ya ci gaba da magana yana kallon ƙasa.

"Ba don kasuwa na yi ta ba. Ni ba zan iya tsayawa a gabanta in faɗi wannan magana ba, ita ma ba za ta iya zama ta ji daga bakina ba. Sai na ce in kaset ya fita ya shiga rediyo, wata rana tana tsakar gida tana tankaɗe za ta ji shi daga gidan maƙwabta. Ba sai ta kalle ni ba, ba sai ta ce komai ba. Ta dai ji. Da ka ce mata har sauka suke yi, sai na ji tsoro kada in kunyata ta a ƙauye a banza."

"Me ya sa ba ka gaya mini haka ba, Lawan?"

"Ana faɗar irin wannan a teburin mai shayi?"

Wani ya leƙo daga ofis ya ce mawaƙi ya shigo, ciyaman ya shirya. Lawan ya miƙe ya kafa hula. Tanko ya riƙo hannun rigarsa ya ce, "Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta." Lawan ya ce amin, ya ce a ba baiwar Allahn nan mai daddawa haƙuri, ya shiga.

Tanko ya tsaya a rana a bakin ofishin, ya kasa tafiya. Ta taga ya ji an kunna fiyano, ya ji an yi tafi, sannan muryar Lawan ta tashi garau tana jero asalin ciyaman. Lawan ya kira sunan ciyaman, ya kira na ubansa da na kakansa, sannan ya kama sunan mahaifiyar ciyaman ya yi ta maimaitawa, yana cewa ta haifi ɗa ta yi alfahari da shi a gaban duniya.